Tankin da ke Amsawa

A ma'aikatar kwalta akwai wata ɗabi'a da ba manajan da ya kafa ta: kafin a buɗe wa tanki mai mai zafi, sai a ɗauki sufana a ƙwanƙwasa jikinsa, a saurara, ko akwai mutum a ciki. Sauran tankunan ba sa cewa uffan. Tsohon nan na jikin katanga kuwa amsawa yake yi. Da zarar man ya fara zagaya bututun da ke naɗe a cikin gindinsa, sai ka ji ƙwas, ƙwas, daga ciki, a hankali, kamar mai jin nauyin tashin masu gida.

Injiniya ya san dalili sarai, ai aikinsa ne. Bututun ya yi wa tankin kaɗan. Waɗanda suka ƙera shi lissafin riƙe zafi kawai suka yi, ba su yi na narkar da kwaltar da ta daskare ba. Sai kewayen bututun ya narke, sauran ya zauna kamar dutse, ƙarfe yana miƙewa yana dukansa. Duk ya sani. Amma a tankin nan yayansa ya rasu, kuma har yau in ya ji ƙarar sai tsikar jikinsa ta tashi.

Shekarar da tukunyar da ke dafa man ta mutu ta daɗe a kashe, da aka gyara aka kunna, kwalta ta ƙi fita. Yaya, mai waldar ma'aikatar, ya sauka ta murfin sama don ya fasa ta. Saman ya yi tauri kamar titi, ya taka. Ashe ƙasan ya riga ya narke.

Suɓul da baka Injiniya ya yi ya gaya wa Mama cewa tankin yana amsawa. Shi ke nan fa. Kullum ya dawo, ko takalmi bai cire ba za ta ɗago kai daga kujerarta ta ce, “Auta, ya amsa yau?” In ya ce e, sai ta gyaɗa kai ta ci abinci, ta shiga ba shi labarin da ya haddace: yadda Yaya tun yana ƙarami ba ya shiri da sanyi, yakan zo ya yi ta ƙwanƙwasa mata ƙofa sai ta miƙa masa bargo. Bargon yana nan ninke a gefen gadonta.

To, sai ga tsohon bututun ya fara yoyo, aka ce Injiniya ya fitar da girman sabo. Manaja, mutumin kirki ne amma ɗan gaggawa, ya leƙo ofis ya ce kada a wahalar da kai, a maimaita irin na da, tunda tukunya ta daina mutuwa. Wai ta daina mutuwa! Kamar ta yi masa alkawari.

Injiniya ya zauna ya yi lissafinsa. Faɗin tanki, zafin da iska ke kwashewa daga jikinsa, zafin man in zai shiga da in zai fita. Amsa biyu suka fito. Gajeren bututu zai riƙe zafi, ya bar gefe a daskare, tanki ya ci gaba da magana. Dogon kuwa hawa-hawa zai yi, ya bi bango har sama don kada saman kwalta ya sake yin ɓawo, a ɗora shi kan maƙalai da za su bar ƙarfe ya miƙe ba tare da ya doki komai ba. Wannan zai narkar da kwalta ko ta shekara a daskare. Kuma ba zai taɓa yin ƙara ba.

Wallahi ya so gajeren. Ba wanda zai zarge shi, manaja ma godiya zai yi. Ya daɗe yana juya biro. Ta taga ya hango Sarkin Surutu, wanda ya gaji aikin Yaya, yana shanya igiyar sauka cikin tanki a rana, yana tsokanar direbobi. 'Ya'yansa mata ne ke kawo masa abincin rana. In tukunya ta sake mutuwa, shi za a ɗaura wa igiyar.

Injiniya ya kai wa manaja dogon. Aka yi ta ja-in-ja, manaja ya ce wannan ai bututun tanki biyu ne, Injiniya ya ce in ba haka ba a nemi wani ya sa hannu. Aka yanka ƙofa a gefen tanki, aka kankare kwaltar, aka shimfiɗa sabon bututu. Duk tsawon aikin Injiniya yana gaya wa Mama tankin a kashe yake, ita kuma tana tsakurar abinci tana jira.

Ranar gwaji da gangan aka bar kwalta ta daskare. Injiniya da kansa ya karɓi sufana ya ƙwanƙwasa, aka buɗe mai. Ya kafa kunne a jikin ƙarfen har zafi ya kore shi. Shiru. Da lokacinta ya yi kwalta ta zubo sumul, ma'aikata suka yi ta tafi, Sarkin Surutu ya ce yau igiyarsa ta zama ta shanyar wanki. Injiniya ya yi musu dariyar dole.

A gida ya tarar da Mama a kujerarta.

“Auta, ya amsa?”

Ya durƙusa a gabanta. Ya so ya yi ƙarya, bakinsa ya ƙi.

“Bai amsa ba, Mama. Ba zai ƙara ba. Ni na sa aka ƙara bututu, yanzu zafi yana kaiwa ko'ina.”

Ta dube shi, shi kuma yana jiran kuka, ko faɗa.

“Ko'ina?” ta ce.

“Ko'ina.”

“Ashe duk shekarun nan sanyi yake ji.”

Ta dafa kafaɗarsa ta tashi, ta shiga ɗaki. Yana durƙushe ya ji ta buɗe akwati, ta sa bargon, ta rufe.