Layin Gawayi a Ɗakin Goro

"Tura shi da gorar, Hajo. Kar ki matso."

Muryar Baba Badamasi ce daga bayan ƙofa. Matarsa, Inna Hajo, ta aje kwanon kunun buɗa-baki a ƙasa, ta sa gorar da ake kaɗo mangwaro ta tura shi har bakin ɗakin. Ƙofar ta buɗe kamar faɗin tafin hannu. Hannu ya fito, ya ja kwanon, aka rufe. Can ladan yana kiran magariba a masallacin da ba kowa.

Ina tsaye ta kan katangarmu ina kallo. Kwana ashirin da uku ke nan yana ciki.

"Jalilu, ka gani dai," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba. "Kai ka shigar da shi. Sai ka zo ka fitar da shi."

Ba ta yi ƙarya ba.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu a Zongon Jugu. Kakanninmu tare suka zo cikin ayarin goro, suka sauke kaya a nan, ba su ƙara gaba ba. A layinmu Baba Badamasi kaɗai ya rage a sana'ar. Ɗakin goronsa a tsakar gida yake, ba taga sai 'yar kafa a sama, sanyi kamar cikin randa.

Ni shekara goma sha ɗaya na yi a Lyon ta ƙasar Faransa, ina karatun haɗa magunguna. Na dawo a watan Maris na 2020. An tsare mu kwana goma sha huɗu a otel a Kwatano kafin a sake mu. Da na iso, unguwa ta riga ta san daga inda na fito. Daga nesa ake yi mini sannu da hanya. Baba Badamasi kaɗai ya miƙo mini hannu. Na ƙi karɓa.

"Bature ya dawo," ya ce yana dariya. "Hannun ma sai da biza?"

Bayan kwana biyu, an riga an rufe masallatai, na same shi a zaure yana tsintar goro. Ya ce in zauna. Na zauna nesa.

"Wai wannan korona taku, ta yaya ake gane mai ita?"

"Wani lokaci ba a ganewa, Baba. Mutum yana ci, yana sha, yana dariya, yana raba wa mutane."

"Kai dai! Ciwo ba alama?"

Na nuna masa wani farin goro babba a tasarsa, mai sheƙi. Na ce wannan fa? Ya ɗauka, ya juya shi kusa da ido, ya nuna mini wata 'yar huda kamar ta allura.

"Sankara ta shige shi."

Ya fasa da farce. Ciki baƙi, ƙwaron ya mai da shi gari.

"To haka take," na ce.

Na ji daɗin misalin. A Lyon an koya mana mu yi wa mutane bayani da abin da suka sani. Ba a koya mana abin da mai goro yake yi da irin wannan goron ba.

A farkon Afrilu ya tafi Paraku, unguwar Gema, wajen amininsa Alhaji Mamuda. Tun suna yara, in sun haɗu goro ɗaya suke fasawa su raba. Haka suka yi a ranar. Bayan kwana tara Alhaji Mamuda ya rasu. Zazzaɓi, sai numfashi ya gagara. Ba wanda ya gwada shi. 'Yar Baba Badamasi, Zinatu, wadda ke aure a Paraku, ita ta buga waya ta faɗa. Ya saurara, ya aje wayar, ya ɗauki tabarma da buta da carbi ya shiga ɗakin goro. Ya sa sakata.

Washegarin maganar Inna Hajo na je bakin ƙofar.

"Salamu alaikum, Baba."

"Tsaya daga gindin mangwaro. Ina jin ka."

"Kwana goma sha huɗu ne. Ka wuce su tuntuni."

"In ji wa?"

"Likitoci."

"Likitocin sun taɓa riƙe huhun goro? Shekara hamsin ina wannan aiki. Ban taɓa ganin sankara ta shiga goro ta ƙirga kwana ta fita ba. Wanda ta shiga ba a mai da shi cikin 'yan'uwansa."

"Ko tari ba ka yi ba."

"Shi ne abin tsoron. Lafiyata lau na je, lafiyata lau na dawo. Mamuda yana ƙasa."

"Kai ba goro ba ne, Baba."

"Kai ka ce haka take."

"Misali na yi."

"Ashe ƙarya ka yi mini?"

 

Na ce zan ɗauki mota mu je Paraku a gwada shi. Ya tambaye ni mutum nawa motar take ɗauka. Sai Zinatu ta roƙi wani ma'aikacin lafiya ya zo gida. Mutumin ya zo cikin farin kaya tun daga kai har ƙafa, mata suna leƙe ta zaurukansu. Baba Badamasi ya kara fuska a tsagar ƙofa, aka zura masa tsinke a hanci. Da sakamako ya fito na tura takardar ta ƙasan ƙofa.

"Négatif, Baba. Ba ka da ita."

Na ji motsin takarda. Sai ga ta ta dawo ta inda ta shiga.

"Hanci suka duba. Goro sai an fasa."

Masu sari daga Kolokonde sun zo kan babura, an ce musu ba a sayarwa. Amma bai bar goron ya mutu ba. Goro yana son ruwa. Kullum da safe Inna Hajo ta tura masa bokiti, da hantsi kuma sai a ji: fyat, fyat, fyat. Yana tsoma tsintsiya yana yayyafa wa ganyen da ke rufe da huhuna. A shekarun baya ba wanda zai ji wannan ƙara. Yanzu ba yara a hanyar lakwal, wato makarantar boko, ba taron suna, ba masu zuwa masallaci. Daga ɗakina nake ji. Har na daina duba agogo.

Azumi ya ƙare. Aka yi salla, kowa a gidansa. Kwanon da ake tura masa ya fara dawowa da rabi, sannan da fiye da rabi.

Wata ranar Talata da azahar, rana ta take, ko kaza ba ta motsi, na ji shi yana gaisawa.

"Maraba, maraba. Ya hanya? A'a, tsaya nan, Alhaji. Kar ka tsallake layin."

Sai shiru, daidai tsawon amsar mutum. Sai ya yi dariya, irin wadda ban ji ya yi ba tun ranar bizar hannu.

Na leƙa ta katanga. Inna Hajo tana zaune a kan turmi, hannu a cinya.

"Da wa yake magana?"

"Baƙonsa. Kullum war haka yake zuwa." Ta share fuska da bakin mayafi. "Ya ce in riƙa haɗo kofi biyu."

"Kina haɗawa?"

"To in hana baƙo ruwa?"

A satin Zinatu ta zo daga Paraku da jaririn da ta haifa yana ciki. Ta tsaya a bakin ƙofar da yaron a kafaɗa.

"Baba, ga takwaran amininka. Mamuda muka sa masa. Ka fito ka tofa masa albarka."

"Ja da shi baya! Zinatu, ja da shi bayan mangwaro!"

Ta ja. Yaron ya tsorata da tsawar, ya fara kuka. Ta soma jijjiga shi.

"Bar shi," in ji muryar, a hankali yanzu. "Bar shi ya yi. In ji shi."

Muka tsaya mu uku, jariri yana kuka, tsoho yana saurare ta bayan katako.

A zaure Zinatu ta tare ni. "Yaya, ku ɓalle ƙofar nan. Wallahi ba lafiya ba. Ça ne va pas, kai ma ka sani."

Na sani. Amma ya riga ya gaya wa Inna Hajo cewa ranar da aka taɓa ƙofar zai bar gidan ya shiga daji, inda ba zai shafa wa kowa ba. Na ce mata mu jira. An fara maganar buɗe masallatai. Mutumin da ya shekara arba'in a sahun gaba ba zai ji Juma'a ya zauna ba. Na faɗa da irin muryar da na yi misalin goro. Ta yarda, ta koma Paraku.

An buɗe a farkon Yuni. Ranar Alhamis bayan la'asar Liman Awwalu, limamin unguwarmu, ya shigo da kansa, takunkumi a haɓa.

"Malam Badamasi, gobe Juma'a. Wurinka yana nan, ba wanda ya zauna."

"Sahu kafaɗa da kafaɗa ne, Liman."

"Yanzu da tazara. Kowa da dardumarsa. Ko hannu ba a bayarwa."



"To. In Allah Ya kai mu," in ji Baba Badamasi.

Inna Hajo ta rufe baki da hannu. A yammacin ta fito da babbar rigarsa, ta sa gawayi a dutsen guga.

Da hantsin Juma'a na ji shi. Fyat, fyat, fyat. Ina shan kofi, na ce a raina ya gama aiki sai wanka.

Kafin azahar layi ya cika. Babura, dardumomi a kafaɗa, takunkumi kala-kala, mutane suna gaisawa da ƙarfi kamar sun dawo daga tafiya. Na shiga gidan don mu tafi tare. Rigar tana rataye a bakin gora, an jingina ta a ƙofar. A ƙasa kwanon tuwon jiya ne, ba a ja shi ciki ba, tururuwa sun yi masa hanya. Kusa da shi bokitin safe, cike.

"Baba."

Ba amsa.

"Yana wanka ne," in ji Inna Hajo. "Da safe na gaishe shi, ya amsa. Ya ce lafiya lau."

Na ɗauko taɓarya. Bugu uku sakatar ta fita.

Sanyi ya fara tarar da ni, da warin ɗanyen ganye. Da idona ya saba da duhu na ga layin. Da gawayi aka ja shi, daga bango zuwa bango, an maimaita har ya yi kauri. A can ɓangaren, huhunan goro ne a jere, a rufe, ba a taɓa su ba tun ranar da ya shiga. Daga bayan layin yake yayyafa musu ruwa. A ɓangaren ƙofa kuwa tasar ruɓaɓɓen goro ce, da tabarma, da shi. Yana kwance a kan damansa, fuska alƙibla. Likkafani a ninke a wajen kansa. Kwalin maganin hawan jinin da na tura masa tun cikin azumi, ba a buɗe ba. Kofi biyu. Goro ɗaya a fashe, rabi a hannunsa, rabi a bakin kofi na biyu.

Na taɓa wuyansa, na gwada lanƙwasa hannun. Ya sandare gaba ɗaya. Ban yi karatun likita ba, amma na san wannan. Ba mutuwar safiyar nan ba ce. Tun jiya ne, ba da daɗewa ba bayan tafiyar Liman.

Na ɗaga kai. Ganyen huhunan yana sheƙi da ruwa. Ɗaki mai sanyi yana riƙe laima, na san haka. Tsintsiyar tana jingine a bangon can, bayan layin, inda hannunsa ba ya kaiwa. Tana ɗiga.

Inna Hajo ta tsaya a bakin ƙofa. Ta yi salati, ba ta yi kururuwa ba.

"Ya amsa mini da safe, Jalilu."

"Na'am, Inna."

"Kai ma ka ji ruwan."

"Na ji."

Likitan da ya zo ya ce zuciya ce. Bayan la'asar aka kai Baba Badamasi makabarta. Jama'ar da suka fito Juma'a su suka bi gawar, layi ya kasa ɗaukarsu. Ba wanda ya tuna tazara. Kafaɗa da kafaɗa aka ɗauke shi.

Ranar sadakar uku goronsa aka raba. Inna Hajo ta sa aka buɗe huhu ɗaya. Ta zaɓo fari babba ta miƙo mini da hannunta, ta tsaya. Na fasa. Fari tas har ciki. Ba ta tafi ba sai da na ci.

Ɗakin ba komai yanzu. Ƙofar ba a gyara ta ba. Kullum da hantsi takan shiga ta share, daga bakin ƙofa zuwa ciki. Idan ta zo layin sai ta tsaya, saura kamar yatsa biyu, ta tattara ƙurar a tafin hannu ta fito da ita.