Injin Sugar Leah

Ranar bikin godiyar kaka, yayin da sauran mutane ke shiga coci da dammunan dawa da kaji, Malam Philemon ya shigo da ƙaramar baƙar jaka. A cikinta akwai injin gwajin suga na matarsa Leah, wadda aka binne kafin damina. Tsohon malamin makaranta ne, ya karanta littattafai da yawa a kan haƙuri, babu wanda ya yi masa amfani. Abu ɗaya yake so: ya rabu da injin, ya kulle gida, ya koma Kaduna wurin 'yarsa Rachael, inda ba wanda zai tare shi a hanya da ta'aziyya.

Ya ajiye jakar tsakanin kabewa da zakara, ya koma kujerarsa yana jin kamar an sauke masa kaya.

Bayan sujada aka yi gwanjon kayan godiya, kamar kowace shekara. Zumuntar Mata ta saye injin, aka yi guɗa, fasto ya ɗora masa hannu ya yi addu'a. Philemon ya tafi gida ya fara naɗe riguna.

Washegari da sassafe Mama Saloma, shugabar zumunta, ta yi sallama a ƙofarsa. Jakar na hannunta, mata huɗu na bayanta, ba wadda ta karya kumallo.

"Baban Rachael, mun kawo maka aikinka."

"Na bayar, Mama. Kun saya. Ni kuma me nawa?"

"Inji muka saya, ba mu sayi hannu ba. Jiya Dinah, 'yar zumuntarmu, ta huda yatsana sau uku, abin ya yi ta ƙifta mana ido kawai."

"To ku kai asibiti."

"Abin da aka yi wa addu'a? Haba Malam, har da kai?"

Ya wanke hannu. Yatsunsa ba su manta komai ba: gefen yatsa, ba tsakiya ba, a matsa kaɗan, a jira. Ya tsani yadda suka tuna.

Kafin wata ya ƙare, gindin mangwaronsa ya zama asibitin da gwamnati ba ta san da shi ba. Ana zuwa daga Dabai, ana zuwa daga Manga a kan babur. Har Alhaji Lukuman mai shagon hatsi ya zo, yana cewa suga ba ta tambayar addini. Philemon ya koya wa Dinah komai, ta kuma iya sarai. Amma tsofaffin sai su ɓoye hannu a bayansu.

"Hannun da ya yi jinyar Leah muke so."

"Leah ta mutu," in ji shi.

"Amma ai ta daɗe," suka ce, suna miƙo yatsa.

Rachael ta gaji da jira, ta aiko mota ranar Asabar. An riga an ɗaure akwatuna sai ga Abel, tsohon soja abokin yarintar Philemon, yana jan ƙafa ɗaya cikin silifas.

"Ticha, za ka gudu ba ka sha jinina ba?"

"Jininka rabinsa burkutu ne. Kawo."

Lambar ta fito. Philemon ya san ta. Irinta ya gani a makon da ƙafar Leah ta fara baƙi. Ya sunkuya ya ɗaga ƙafar wandon Abel. Ga miki a babban yatsa, an shafa masa toka.

"Ƙaya ce kawai," in ji Abel. "Ko ba haka ba? Kai ka sani. Yarana suna bariki, matata ba ta gani sosai. Faɗa mini abin da zan yi, zan yi."

Ba zai yi ba. Philemon ya san shi. Sai an tsaya a kansa kullum, an kai shi asibiti da faɗa, an ƙwace masa ƙwaryar burkutu, an wanke mikin safe da yamma. Ya kuma san wanda duk garin zai zuba wa ido.

Direba ya danna hon.

Philemon ya dubi akwatunan, ya dubi baƙar jakar da ke kan cinyarsa. Ya bayar da ita ga Allah a gaban jama'a, Allah kuma ya mayar masa da ita tare da mutane.

"Sauke kayan," ya ce wa direban. "Buhun dawa kaɗai za ka kai wa Rachael. Abel, shiga gaba, zai fara ajiye mu a asibiti."

"Me zan gaya wa Madam?" in ji direban.

"Ka ce mata babanta ya samu aiki. Ba albashi, ba ritaya."