Akwatin da Gi-tae Ya Sa Mini a Falo

Shekara sittin da takwas nake da su, na binne miji, na aurar da 'ya'ya uku, amma a gidana na Daejeon ba ni da ikon canza lambar sirrin intanet. Da na kira kamfanin, wata mai zaƙin murya ta ce mini, "Ranki ya daɗe, sai dai mai sunan layin ya kira da kansa."

Mai sunan layin kuwa ɗana ne Gi-tae. Babban ɗa ne, kuma a wurinmu babban ɗa na kirki shi ke haɗa intanet ɗin uwarsa da nasa a suna ɗaya, don surukai su ji su yaba. Kamfanin ya kawo wani farin akwati mai kunnuwa biyu ya dasa mini kusa da talabijin. Ba wanda ya gaya mini cewa duk wayar da ta hau kansa sai sunanta ya bayyana a wayar Gi-tae can Seoul.

Ni kuwa ina da baƙo. Malam Chu, tsohon malamin lissafi, a ƙungiyar masu hawan dutse muka haɗu. Yakan zo da rana, in fere masa tuffa, mu sha shayin sha'ir, mu yi ta surutu. Ina son zuwan nan nasa ƙwarai, kuma ba na son kowa ya sa mana baki, balle 'ya'yana. Ranar farko na miƙa masa silifas, na kuma ba shi lambar sirrin, don ba a barin baƙo ya ƙone datarsa.

Bayan sati uku Gi-tae ya kira.

"Umma, wani ɓarawo na shan intanet ɗinki. Wai shi Chu Yong-bok. Kin san shi?"

"Ina zan san shi? Ni mai gadin unguwa ce?"

"To na toshe shi. Mutane ba kunya wallahi."

Haushi ya kama ni, amma na haɗiye. Sai na yi dabara irin ta tsofaffi: ranar da Malam Chu zai zo, tun kafin ya ƙwanƙwasa na zare wayar wutar akwatin. Abin da ba ya numfashi ai ba zai kai tsegumi ba.

Ashe ɗan albarkan ya saya mini har da tsarin kula da tsofaffi. In akwatin ya yi awa uku shiru, kamfanin zai sanar da mai sunan layin cewa a duba tsohuwa. Tawa wayar tana cikin jaka, hira ta yi daɗi, ban ji kiran Gi-tae har sau goma sha ɗaya ba.

Muna tsakiyar dariya na ji ana danna lambobin makullin ƙofa. Gi-tae ne, ya baro ofis ya hau jirgin ƙasa, gumi sharkaf. Bai ƙaraso falo ba. A bakin ƙofa ya tsaya yana kallon takalmin namiji, baƙi, an goge shi tas. Ya sunkuya ya juya takalmin ya fuskanci waje, yadda na koya masa a yi wa baƙo mai daraja.

"Umma, tunda kina lafiya, shi ke nan. A mayar da wutar."

Ya ja ƙofa ya tafi. Da yamma saƙonsa ya shigo: ya buɗe wa wayar Malam Chu intanet ɗin. Na yi ta kallon saƙon, kunya da takaici suka cika ni. Da faɗa ya yi mini, da na san abin da zan ce. Izini ya ba ni, a gidana.

Sati na gaba Malam Chu ya zo da ƙunshin gyaɗa. Ya kunna mana wata tsohuwar waƙa a wayarsa, har na fara bin ta a hankali. Ƙarfe biyar daidai waƙar ta yanke a tsakiyar baiti. Ya gyara tabarau ya karanta abin da ya fito a fuskar wayar: lokacin da aka ware wa wannan yaro na yau ya ƙare.

Ashe a tsarin yara Gi-tae ya sa wayar. Malam Chu kuwa shekararsa saba'in da uku. Ya miƙe ya ɗauki hularsa.

"Maman Gi-tae," ya ce, "maigidan ya ce in tafi."