Rabin Na Hanya Ne

Ba na son makon da ake yaye ɗalibai. Garin Las Cruces gaba ɗaya sai ya kasa zaune ya kasa tsaye. Kowace mota ka gani da katifa ɗaure a samanta, kowane lungu an zubar da kujeru da tukwanen da tun da aka saye su ba su ga soso ba. Yaran da na ciyar shekara da shekaru su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, su rungume ni, su ce za su riƙa leƙo mu. Ba mai leƙowa. Ni kuma in yi kwanaki ina jin kamar an kwashe min kayan ɗaki, ina huce haushina a kan mijina Chebo, wanda laifinsa kawai yana tsaye kusa.

Shagonmu yana bakin titin jami'a, tsakanin mai gyaran keke da gidan wanki. Burito muke sayarwa, mai arha, mai nauyi a hannu. Chebo na gasa tortiya, wata gurasa ce siririya mai faɗi, a baya, ni ina gaba ina zuba wake da dankali da nama da barkono, in naɗe, in ƙunshe a takardar alminiyam, in miƙa.

Washegarin bikin, ko kujeru ban gama saukewa ba, sai ga Leandro Archuleta yana ƙwanƙwasa gilashi. Dogon yaro ne daga ƙauyukan arewa, yana karatun noma, mai ci kamar gara, amma magana sai ka ciro masa da ƙugiya. Ranar ya sa riga mai guga. Tun daga nan na san akwai abin da ke tafe.

"Ba mu buɗe ba," na ce.

"Na sani, Doña Tencha. Alfarma nake nema."

Ya zaro hankici daga aljihu ya warware a kan kanta. Zobe ne siriri na zinariya, ya sha hannu har ya siɗe, da ɗan dutse kamar ƙwayar gero.

"Na kakata ne," in ji shi. "Noemí za ta tafi yau da rana. Ta samu aikin jinya a Spokane, can arewa mai nisa. Za mu ci abinci nan kafin ta kama hanya. So nake ki sa mata shi a ciki."

"A cikin me?"

"A cikin buriton."

Na dube shi sama da ƙasa. Noemí Terrazas na san ta kamar tafin hannuna. Tare suke zuwa tun suna 'yan aji biyu, ita na surutu, shi na taunawa.

"Kai ɗan nan, Allah bai ba ka baki ba ne?"

"A nan muka fara haɗuwa," ya ce yana kallon takalminsa. "In ta gani za ta gane."

"In ta karya haƙori ma za ta gane."

Chebo ya leƙo ta tagar kicin da gari har gwiwar hannu. "Ke tsohuwa, ki taimaki yaro mana. Yanzu haka ake yi. Wasu a kek, wasu a kofi."

"Kai da wa ya tambaye ka? Kai ai a bayan motar ɗaukar albasa ka tambaye ni ko zan aure ka, kana rawar murya kamar ɗan akuya."

"To ba ga shi kin yarda ba?"

"Ai don ka tambaya ne."

Amma na karɓa. Ni ba ni da zuciyar korar mai guga a riga. Na ce zan ƙunshe zoben a takarda mai kauri in tura shi can ƙasa, wajen da ake riƙewa, don kada ta gatsa shi da cizon farko. Ya yi ta godiya har ya yi karo da ƙofa wajen fita.

Tun daga lokacin hankalina bai kwanta ba. Zoben na aljihun gaban rigar aikina, ina taɓa shi kamar mai ciwon haƙori da harshe. Kafin rana ta take, layi ya kai bakin titi: iyaye da suka zo kwasar 'ya'yansu, kakanni da furannin jiya, 'yan ƙwallo masu cin biyu-biyu. "Barkono ja ko kore?" nake ta tambaya, ba na ma jin amsa. Wani malamin lissafi da bai taɓa cin nama ba na loda masa nama, ya dawo yana min wa'azi. Na ba shi haƙuri da rabin baki, idona na kan ƙofa.

Sai ga su. Noemí ta ɗaure gashi a keya, makullin mota a hannu, tana karkaɗa shi. Leandro na biye kamar wanda za a yi wa allura.

"Doña Tencha, na ƙarshe ke nan," ta ce. "Ki cika min barkono. An ce can ko yaji ba su sani ba, barkononsu tumatir ne."

"Kore?"

"Sai ka ce yau kika san ni."

Na juya mata baya na yi aikina. Na shimfiɗa tortiya, na zuba, na tura ƙunshin zoben can ƙarshe cikin wake, na naɗe da kyau yadda ƙarshen zai zama gindi. Na lanƙwasa bakin takardar na miƙa mata hannu da hannu, don kada tsautsayi ya kai shi wajen 'yan ƙwallon nan, waɗanda ko cokali ka sa musu haɗiyewa za su yi.

Suka zauna a teburin jikin taga. Daga inda nake ina hango su tsakanin kafaɗun mutane. Leandro bai ko buɗe nasa ba. Kofin ruwansa kawai yake ta juyawa a kan tebur. Ita ko ta ɗauki nata, ta ɗan juya shi a hannu, ta yage saman takardar, ta fara ci. Tana ci tana lissafa masa garuruwan da za ta ratsa, da tayar baya da ba ta yarda da ita ba, da ƙawar da za ta kwana wajenta a hanya. Chebo ya baro tortiya a wuta ya zo ya tsaya a bayana yana numfashi a wuyana.

"Ta kai?"

"Koma, abinka na ƙonewa."

Ta ci, ta ƙara yage takarda, ta ci. A hankali take yi, kamar da gangan. Na ji kamar in je in tura mata sauran a baki.

Da ta kai tsakiya sai ta tsaya. Ta goge baki. Ta kama bakin takardar ta ninke shi a kan abin da ya rage, ta murɗe, ta jefa cikin jakarta.

Sai a lokacin na tuna. Ni da na shekara ashirin da wani abu ina kallon yaran nan. Ɗalibi ba ya cinye burito a zama ɗaya, sai dai 'yan ƙwallo da irin su Leandro. Rabi da rana, rabi da dare, abinci biyu a kuɗin ɗaya. Don haka ma nake ƙunshewa da takarda mai yawa. Mu uku muka tsara abin nan da safe, babu wanda ya tuna.

Na ɗauki tsumma na fita goge teburan da ba su da datti.

"Ki cinye mana," na ji Leandro na cewa.

"Yaushe ka taɓa ganin na cinye? Rabin na hanya ne."

"Zai huce."

"Da sanyinsa ma ya fi daɗi. Kai ne ko taɓa naka ba ka yi ba. Lafiya kake?"

"Lafiya."

Na tsaya a bayanta ina zare masa ido, ina nuna masa bakina da yatsa. Ya kalle ni, ya kalli jakar, ya buɗe baki. Na tsayar da tsumman.

"Kin duba man inji?" in ji shi.

Da a ce tsumman nan bulala ne, da ya sha shi.

Ta miƙe, ta rungume shi ta gefe, fuskarta a kafaɗarsa. "Kada ka raka ni," ta ce. "Ba na son kuka a filin mota." Ta juyo ta sumbace ni a kumatu, ta ɗaga wa Chebo hannu, ta fice. Ƙararrawar ƙofa ta yi ƙara, mutanen layi suka matsa suka cike inda ta bi.

"Tashi," na ce wa Leandro.

"Ta ce kada in raka ta."

"Zoben kakarka ne zai tafi Spokane cikin wake. In tana tuƙi ta gatsa fa? In ta shaƙe a kan babbar hanya?"

Ya dafa tebur kamar zai miƙe, ya koma ya zauna. "Ƙafafuna sun ƙi, Doña."

Na jefa masa tsumman a cinya na fita, ana ta kira na daga layi.

Zafi ya buge ni a fuska. Motarta na can ƙarshen fili, ƙarama, shaƙe da akwatuna har gilashin baya. Na ɗauka zan same ta tana ja da baya, har na fara ɗaga hannu. Amma ko tayar da motar ba ta yi ba. Tana zaune, gilashi a sauke, rabin buriton a kan cinyarta, ta riƙe shi da hannu biyu.

"Yarinya," na ce ina haki, "kada ki ci wannan."

"Na sani, Doña Tencha."

"Me kika sani?"

"Tun da na ɗauka na ji abu mai tauri a gindin. Ga Leandro da riga mai guga, ga abinci a gabansa yana hucewa. Ga Don Chebo na leƙe kamar mai jiran sakamakon ƙwallo." Ta yi ɗan murmushi. "Ni ba yarinya ba ce."

"To me ya hana ki buɗewa?"

"A can ciki? Kin san abin da zai faru. Wata ta yi ihu, kowa ya zaro waya, a hau tafi. Shi ya durƙusa, har yanzu bai ce komai ba, ni ce zan yi maganar. Wa zai iya cewa a'a a gaban kakannin mutane?"

"A'a za ki ce?"

Ta murza bakin takardar.

"Tun sanyi na gaya masa an ɗauke ni aikin nan," ta ce. "Na ce masa, me ka gani? Ya ce aiki ne mai kyau. Na sa hannu a takardar haya, na nuna masa, ya ce ɗakin na da haske. Jiya da yamma shi ya ɗaure min akwatunan nan, har da gwada igiya. Kullum ina cewa yau zai yi magana. Da ya ce min kada ki tafi, ko da sau ɗaya, ko a bayan motar albasa irin ta labarinki da Don Chebo, ban san me zan yi ba. Ina jin da na zauna."

"Yaron na son ki. Bakinsa ne mai nauyi."

"Na sani. Ni ma ina son sa, abin haushin ke nan." Ta share ido da bayan hannu. "Amma in na karɓi wannan, haka zan ƙare, ina tonon abinci ina neman abin da yake nufi. Na gaji, Doña."

Na so in ce ta ba shi minti ɗaya, in jawo shi da kunne in kawo mata. Na waiga. Daga nan ana hango ƙofar shago sarai, haka Leandro ma yana hango mu. Ya miƙe dai, ya zo har jikin gilashi ya tsaya. Ita ma ta gan shi. Muka jira, ni da ita. Wani ya turo ƙofa ya fito, Leandro ya matsa gefe ya ba shi hanya, ya koma inda yake.

Ta miƙo min ƙunshin ta taga.

"Me zan ce masa?"

"Ba sai kin ce komai ba. Zai gane."

Ta tayar da mota. Na ja da baya, ta fita a hankali saboda nauyin kaya, ta jira wata motar katifa ta wuce, ta hau titi. Ba ta danna ham ba.

Filin nan bai taɓa yi min faɗi kamar ranar ba. Abin da ke hannuna da sauran ɗuminsa. Haushi nake ji, na rasa wanda zan ji wa, ga kuma tausayi. Da na iso, Leandro ya buɗe min ƙofa da ladabinsa. Bai kalli fuskata ba, hannuna yake kallo.

"Ta buɗe?" ya ce.

"Ba ta buɗe ba."

Ya karɓa da hannu biyu, ya tsaya riƙe da shi a bakin ƙofa, mutane na kewaye shi suna shiga suna fita.