Ƙwaya Daga Farin Tudu

Farin tudun da ke bayan masana'antar ya fi ginin kanta tsawo. Tarin ƙurar ma'adinai mai guba ne da ake zubarwa bayan an cire abin da ake so, kuma wani ma'aikacin wurin ya ƙare ƙuruciyarsa yana korar jama'a daga gindinsa. Ya kori yara, ya kori awaki, ya tilasta wa ma'aikata wanke hannu kafin su ci abinci, har suka laƙaba masa Kar-Ka-Taɓa.

Yau ga tudun a teburin falonsa, cikin 'yar kwalba.

'Yarsa ce ta kawo. Tana cikin masu binciken jami'ar da suka haɗa gwiwa da masana'antar, suna tace abin amfani daga sharar.

"Baba, sinadarin ƙarfafa ƙashi kawai muka ciro. An raba shi da gubar tsaf. Hukuma ta gwada ta amince, kuma likitan Mama ne da kansa ya rubuta mata."

"Likitan ya taɓa ganin yadda ƙurar nan take cin takalmi?"

"Rabu da babanki," in ji matarsa daga kujerar da ta zama mazauninta tun da ta faɗi ƙugunta ya tsage. "Ko ruwan sama ne sai ya tambaye shi inda ya biyo."

Ya ɗauki kwalbar ya jefa aljihu. "Bari dai in ajiye."

"Wato ni ce ba ka yarda da ni ba," in ji 'yar.

Ya yarda da ita mana. Sai dai idan ya dube ta, yarinyar da take sa takalmin hagu a ƙafar dama yake gani. Ta saɓa jakarta ta fita, sallamar ma ciki-ciki.

Da rana ta karkata ya sa rigarsa mai tsabta, ko da za a kwashe shi zuwa asibiti. Ya shiga kicin, ya buɗe kwalbar a hankali, ya haɗiye ƙwaya ɗaya da ruwa. Sannan ya zauna a kan benci yana sauraron cikinsa. Ya motsa yatsu. Ya laluba harshensa ko akwai ɗaci. Gumi ya tsattsafo masa a wuya, ya rasa ko na maganin ne ko na tsoro.

Can ya ji ƙarar jan ƙafa. Matarsa ce, tana dafa bango, tana cije leɓe a kowane taku. Bai taɓa lura ta ranƙwafa haka ba.

"Ka sha, ko? Na ji buɗe murfin."

"Na sha."

"Ya ka ji?"

"Ba komai. Tukuna."

"To baban yara, idan ka mutu ka sanar da ni. Idan kuwa ba ka mutu ba, miƙo min rabona."

"Da kin bari zuwa gobe."

"Ƙashin nawa ne zai bari?"

Ya zazzago ɗaya a tafinsa, sai kuma ya dunƙule hannun. Ta kama shi, ta shiga ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa bai hana ba, bai kuma taya ba. Ta jefa ƙwayar a baki, ta kora da ragowar ruwan kofinsa.

Ya zaunar da ita a kan bencin, ya jawo kujera gabanta, ya zuba mata ido.

"Haka za ka yi ta kallona?"

"Haka," ya ce, ya ƙara matsowa.