Kujeru Shida na Baba Matiyu

"Rose, tashi a kan wannan kujera."

Muryar ba ta fi kukan sauro ba, amma Goggo Rose ta miƙe kamar wadda ta zauna a kan garwashi. Kadijatu, maƙwabciyarsu, ta tsaya a bakin ƙofa da kwanon kunun gyaɗa a hannu tana kallon ikon Allah. Mutum yana kwance, ciki ya kumbura, idanu sun yi ɗorawa, ko cokali sai an riƙe masa, amma gadin kujeru bai fasa ba.

"Kai Matiyu, ƙafana yana ciwo," in ji Rose, ƙanwarsa. "Tun daga Sunkani na zo jinyanka, in yi ta tsayuwa kamar soja?"

"Akwai benci. Wannan na baƙi ne."

Duk layin nan na Sarkin Dawaki babu wanda bai san kujerun ba. Guda shida ne, na katakon maɗaci. Baba Matiyu kafinta ya yi su da hannunsa shekara uku da suka wuce, a watan da 'yarsa tilo, Victoria, ta sami aiki a Abuja. Ya goge su har suna ɗaukar ido, ya lulluɓe kowace da leda, ya jera su a jikin bangon ɗakin. Ko fasto ya zo, benci ake ba shi. Baƙin da yake nufi su ne waɗanda za su zo neman auren Victoria. Ya riga ya tsara komai a kansa: wanda zai zauna a nan, wanda zai zauna a can, da tambayoyin da zai yi musu. Yakan ce zuwan farko ba zai amsa ba, sai sun koma sun sake dawowa. Ba don mugunta ba, don dai su san yarinyar tana da uba.

Katanga ɗaya ce ta raba gidan da na Kadijatu, shekara ashirin da shida ke nan. Da Alisabatu matar Matiyu ta rasu, Victoria tana 'yar shekara tara, Kadijatu ce ta riƙa yi mata kitso duk Asabar saboda zuwa coci, ta haɗa ta da 'yarta Bushra a kwano ɗaya. Har yau Dada yarinyar take kiran ta, kamar yadda 'ya'yan cikinta suke yi.

Yau kuwa wayar da ke ɗaure a gefen zanin Kadijatu ta fi mata dutsen niƙa nauyi. Kwana huɗu ke nan tana ganin abin da ba a so ta gani. Victoria ta gaya wa ubanta an tura ta kos Legas na mako biyu. Amma a sitatus, wato hotunan nan da ake ɗorawa a waya su kwana ɗaya su ɓace, labarin daban ne. Ga Victoria a filin jirgi da ƙawaye uku, kowace da baƙin tabarau. Ga teku, ga kifi a faranti kusan tsawon hannu, ga su suna dariya a cikin kwalekwale. Zanzibar, in ji rubutun da ke ƙasa. Rose ta duba tata wayar ba ta ga komai ba, domin yarinyar ta rufe wa dangi gaba ɗaya. Dada ce kawai ta manta, wataƙila tana ganin tsohuwa me ta sani a waya ban da amsa kira.

Shi ma Matiyu ba kanwar lasa ba ne wajen ɓoyo. Ranar da likita ya ce su koma gida, hantar ta riga ta gama, a cikin Keke ya kama hannun Kadijatu ya sa ta yi alkawarin ba za ta gaya wa Victoria ba. "Yana kos," ya ce, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji. "In ya taso za su kore shi a aiki." Idan yarinyar ta kira, sai ya sa a tayar da shi zaune, ya gyara murya, ya ce ɗan zazzaɓin sauro ne. Uba yana yi wa 'ya ƙarya, 'ya tana yi wa uba, Kadijatu kuma an ɗora mata duka biyun a ka babu gammo. Abin yana ƙona mata rai ƙwarai.

Ta zauna a bakin gadon ta fara ba shi kunun. Ya sha cokali uku ya kau da kai.

"Maman Bushra, ki gaya ma Malam Yuguda," ya ce, yana nufin mijinta, "ranan da mutanen za su zo, shi zai zauna a hannun dama na. Ya iya ɗaure fuska. Da Kirsimeti yarinya na ya ce min, Baba, akwai wani, za su zo. In na ji ƙarfi kaɗan zan sake goge kujerun."

Daga baya Kadijatu ta sha gaya wa kanta cewa don ta faranta masa ta yi, don ya ga 'yarsa cikin murna kafin ya tafi. Ba gaskiya ba ne, ta kuma san ba gaskiya ba ne. Haushi ne ya ɗebe ta. Mutum yana maganar goge kujeru da hannun da ba ya iya ɗaga cokali, alhali an riga an yanke magana a bakin ruwan wata ƙasa. Ta ajiye kwanon, ta kwance gefen zani, ta buɗe hoton da aka ɗora da safen nan, ta miƙa masa a gaban ido.

Ya nemi tabaransa, Rose ta sa masa. A hoton, wani mutum cikin farar riga ya durƙusa da gwiwa ɗaya a kan yashi, ya ba wa mai ɗaukar hoto baya. Victoria tana tsaye a gabansa ta rufe baki da hannu biyu, ƙawayen suna tafi daga gefe. Hoto na biyu yatsa ne kawai da zobe.

"Wannan ruwan Legas ne?"

"Ba Legas ba ne, Baban Victoria. Wata ƙasa ce, sai an hau jirgi."

Ya ƙura wa hoton ido. "Shi wannan, mene ne yana nema a ƙasa?"

"Aurenta yake nema. Haka suke yi yanzu."

"A wurin wa?"

Babu wadda ta amsa. A waje wani mai doya ya wuce da baro yana talla. Matiyu ya daɗe yana kallon wayar har hasken ya mutu, sannan ya juya ido ya dubi jerin kujerun.

"Ya durƙusa ma yarinya," ya ce a hankali. "To." Can kuma ya ƙara da cewa, "Amma ya yi kyau. Kamar mamanshi."

Bai sake shan kunun ba. Rose ta rako Kadijatu har tsakar gida, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Kin kyauta." Ta koma ciki.

Tun da an riga an karya ƙwai ɗaya, Kadijatu ta ga babu amfanin riƙe ɗayan. Tana shiga gida ta kira Victoria, kiran bai shiga ba, sai ta aika saƙon murya, ba ta kuma yi kwana-kwana ba. Ta ce babanki ba zazzaɓi yake yi ba, likita ya sallame shi, ki baro inda kike ki zo. Sai bayan la'asar amsa ta iso, da ƙarar kiɗa da iska a bayanta.

"Dada, jiya jiyan nan fa na yi magana da shi, ya ce ya ji sauƙi. Kin san ki da tsoro. Tikitinmu sai Talata, canza shi wahala ne. Kuma don Allah, Dada, kada ki ce masa ina nan. Ni da Tobias muna so mu zo mu ba shi mamaki."

Kadijatu ta saurara sau biyu. Ta ajiye wayar a kan turmi. Mamaki kam an riga an ba shi.

Washegari da hantsi Rose ta leƙo ta katanga ta ce yana kira. Ya ƙara faɗawa a kwana ɗaya, amma tabarau yana fuskarsa, ya shirya.

"Nuna min kuma," ya ce. "Jiya yarinya na kawai na duba, ban duba mutumin ba."

"Ai fuskarsa ba ta fito ba."

"Ba komai. Ni kafinta ne. In na ga bayan mutum, na san ko zai iya ɗaukan kaya."

Ta buɗe wayar. Ta ja sama, ta ja ƙasa. Ga na mai sayar da atamfa, ga na wani malami, ga na Bushra da jaririnta. Na Victoria babu. Hoton ya cika kwanansa ɗaya ya ɓace, sabo kuma bai fito ba, domin yarinyar ta gane an bar ƙofa ɗaya a buɗe ta rufe ta. Ita kuwa Kadijatu ba ta taɓa sanin ana iya ajiye irin wannan hoto ba.

"Ya goge," ta ce.

"Wa ya goge?"

"Haka abin yake. Kwana ɗaya yake yi."

Ya cire tabaran da kansa, da ƙyar, ya ɗora a kan ƙirji. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ta fi samun sauƙi. Ya dubi ƙanwarsa da ke tsaye ta jingina da bango.

"Rose, zauna a kujera. Ƙafanki yana ciwo."

Rose ta dubi kujerun, ta dubi yayanta, sai ta sulale ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da ɗankwali. Kadijatu ta fita ba sallama. A tsakar gidan, kusa da rumfar aikinsa inda garin katako ya jiƙe da ruwan sama, ta tsaya ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar uwarta. Tana jin haushin yarinyar, tana jin haushin tsohon, nata haushin kuma ya fi duka ciwo.

Ranar Lahadi ya cika, wajen sha ɗaya na safe, ana jiyo waƙa daga cocinsu da ke bayan layi. Rose ce kaɗai a kansa. Aka kai shi ɗakin ajiye gawa a jira 'yarsa.

Kafin Laraba an kafa rumfa a ƙofar gida. Masu ta'aziyya suka yi yawa, benci ya kasa, Rose ta sa aka fito da kujerun. Aka yage ledojin aka ba fasto da dattawan coci. Malam Yuguda, da matarsa ta isar masa da saƙon mamacin, ya ɗauki ɗaya ya zauna daga dama, fuska a ɗaure, babu wanda ya san dalili. Ɗaya ta rage a gefe da ledarta.

Da azahar mota ta tsaya. Victoria ta fito ba takalmi, idanu a kumbure, ta wuce kowa ta faɗa jikin Kadijatu. Ta rame, tana ƙanshin wani turare da ba a sani ba a unguwar. Kadijatu ta riƙe ta, don hannun da ya yi wa kai kitso shekara goma ba ya iya turewa.

"Dada, me ya sa bai gaya min ba? Me ya sa?"

"Ke me ya sa ba ki gaya masa ba?"

Yarinyar ta ɗago. "Ya sani?"

"Ya gani. Ni na nuna masa."

Victoria ta saki jikinta ta ja da baya kaɗan. Zoben yana yatsanta, ta rufe shi da ɗaya hannun. "Me ya ce?"

Maganar tana nan a bakin Kadijatu, duka, har da tambayar da babu wadda ta amsa. Kwana uku tana wasa ta kamar wuƙa. Ta dubi ƙafafun yarinyar cikin laka.

"Ya ce kin yi kyau," ta ce. "Kamar mamanki."

Sai Victoria ta durƙushe a wurin, matan coci suka zo suka kama ta suka shiga da ita.

Saurayin yana tsaye a bakin mota, dogo, cikin farar riga, bai san inda zai sa kansa ba. Ya matso ya rusuna wa Kadijatu.

"Sannu Mama. Ni ne Tobias. Don Allah wa ya kamata in fara gaisarwa?"

Kadijatu ta dube shi. Ta nuna masa rumfar da haɓa. Ya bi dattawan ɗaya bayan ɗaya yana miƙa hannu biyu, yaro mai ladabi, abin da ya ƙara mata takaici ke nan. Wani ya jawo masa kujera ta shida ya ce baƙo ya zauna. Ya zauna a kan ledar yadda take, ta yi ɗan ƙara a ƙarƙashinsa.

Kadijatu ta koma bakin ƙofarta ta zauna a kan dakali. Daga nan bayansa kawai take hangowa, faffaɗan baya, gumi ya fara jiƙa rigar a tsakiya. Ta daɗe tana kallonsa, ta duba kafaɗun, ta duba wuyan, ta sake dubawa. Ita ba kafinta ba ce. Iska ta ɗauki ɗaya daga cikin yagaggun ledojin ta kawo har gaban ƙafarta, ta sunkuya ta ɗauka, ta ninke ta gida huɗu, ta riƙe a cinya.