Haƙorin da Aka Bari

Ishaku ya sake tura harshe cikin gurbin, ya ji auduga da ɗanɗanon jini. Haƙorin da ke gefen gurbin kuwa, mai ciwon, yana nan daram, yana zuga har cikin kunne. Jiya ya baro doyarsa a kasuwar Gwada ya shigo Minna don a cire masa shi. Likita ya yi allura, ya cire, ya sallame shi. Sai da allurar ta sake shi a gidan ƙanwarsa Christiana a Maitumbi, sannan ya gane lafiyayyen aka cire.

Yanzu ga su zaune a ofishin manajan asibitin, wani mai sanyin murya da ake kira Ndaliman.

"Mistake ne, madam," in ji manajan. "Ɗan Adam ne ya yi aikin."

"Negligence dai," in ji Christiana. Malamar firamare ce, ba ta tsoron Turanci. "Mistake shi ne ka zuba gishiri a shayi. Wannan haƙorin mutum ne, oga."

Ishaku ya dafe kumatu ya karkato wajenta. "Me kuke cewa ne?"

"Ya ce kuskure ne, Yaya. Ni kuma na ce sakaci ne, an cuce ka."

"To ai duka biyun ne."

"A Turanci ba a haɗa su," in ji manajan, ya juyo gare shi da Hausa. "Baba, bari in yi maka bayani. In mistake ne, tsakaninmu ne. Mu ba ka haƙuri, yanzun nan a cire maka mai ciwon. In kuwa kalmar madam za mu bi, magana ta bar hannuna. Sai lauya, sai kwamiti. Bakinka ya zama shaida, ba likitan da zai taɓa shi sai an gama bincike."

"Yaushe ake gamawa?"

Manajan ya buɗe hannuwa, ya kalli silin.

Da safe sun riga sun je wani asibitin. Likitan can ya leƙa bakin, ya ga kumburi, ya ce su koma wurin waɗanda suka fara aikin.

"Yaya, kar ka yarda," in ji Christiana. "Haka suke mana kullum. A taka mutum, a ce masa sorry, ya ce ya gode. Gobe wani za su yi wa."

Ishaku ya san gaskiya ta faɗa. Tun suna yara ita ce mai baki, shi ne mai ɗaukar kaya. Ya so ƙwarai ya iya fushi irin nata. Amma rabonsa da tauna sakwara har ya manta, kuma duk kalmar da aka furta a ɗakin nan sai ta bi ta haƙorin kafin ta kai kunnensa.

"Oga," ya ce a hankali, "wanne ne na cirewa yau?"

"Mistake."

"To shi ne."

Christiana ta ɗauki jakarta ta fita baranda.

Aka kai Ishaku ɗakin cire haƙori. Likitan jiya ne ya shigo, saurayi siriri, ya kasa haɗa ido da shi. Ya gaishe shi har sau biyu, ya kwantar da kujera, ya jawo fitila, ya yi allura. Da ya ɗauko ƙarfen cirewa, sai ya tarar Ishaku ya sa yatsa a baki, ya danne haƙorin mai ciwon.

"Baba, cire hannunka mana."

Ishaku ya girgiza kai. Maganar ta fito a dagule, ta gefen yatsa.

"Ɗora ƙarfen a kai tukuna, ɗana. In na ji shi, zan cire."